Akwatin Malam

Kakana na wajen uba ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi da niyyar hajji. Ya yi hajjinsa, a hanyar komawa ya tsaya a Omdurman, kusa da Khartum, don ya ɗan huta, hutun bai ƙare ba har aka binne shi a nan. Malam muke ce masa, Baba ma haka yake kiransa. Ban riske shi sosai ba. Abin da nake iya tunawa shi ne farin rawaninsa, da yadda yake ajiye mini dabino a gefen buzunsa ya yi kamar bai san da shi ba.

Da ya tsufa, Baba ya sayo rikoda ya zaunar da shi a rakuba, rumfar da ke tsakar gidanmu, ya riƙa ɗaukar karatunsa kaɗan-kaɗan har aka sauke izu sittin a kaset. Ba ɗauka ce ta ƙwararru ba. A bayan muryar Malam ana jin zakaran maƙwabta, ana jin jakin mai ruwa, ana jin Inna, mahaifiyata, tana daka lokacin da sauran ƙarfinta. Wani wurin Malam zai yi tari ya nemi ruwa, a ji an ajiye kofi, sannan ya koma kan ayar da ya tsaya.

Baba tela ne, a kasuwar Omdurman ya yi rayuwarsa. Ya haddace a gaban Malam tun yana yaro, amma bai taɓa yarda ya ja sallah ba, ko da mu uku ne a gida. Idan aka matsa masa sai ya ce shi tela ne, malanta ta tafi da mai ita. Da idonsa ya mutu ya bar keke, sai karatun nan ya zama shi ne aikinsa. Bayan azahar zai kishingiɗa a kan angareb, gadon igiyar nan namu, a kunna masa izu ɗaya ko biyu, leɓɓansa suna bi a hankali. Mun sha ba shi karatun manyan makaranta na cikin waya, sai ya saurara cikin ladabi ya mayar mana. Ya ce karatunsu da kyau, amma ba irin wanda aka zuba masa ba ne, idan ya bi su tuntuɓe yake yi.

Kaset kuwa ba ya dawwama. Wani ya fara ja, wani rikoda ta tauna shi sai an sa biro an naɗe. Yayana, wanda ke aiki a Saudiyya, ya zo hutu a lokacin sanyi ya ce zai kawo ƙarshen wannan wahala. Ya zauna da kwamfutarsa ya kwashe kaset ɗin duka, ya zuba su a wani baƙin akwati mai girman littafi, irin wanda masu shago ke ce wa had-disk. Akwatin yana da cajarsa da ake sokawa a bango, yana da kebul da ya haɗa shi da rauta, na'urar da ke raba intanet a gida. Da haka duk wayar da ke cikin gidan za ta iya jawo karatun ba tare da an taɓa akwatin ba. Ya sa wa wayar Baba wani babban tambari a tsakiyar fuskarta, wanda ko da lalube za a danna. Ya yi mana dogon bayani da Larabci, Hausarsa ba ta kai wa irin waɗannan wurare, sannan ya koma bakin aikinsa yana jin ya gama da mu.

Kaset ɗin aka zuba a kwali aka kai ɗakin ajiya, tankin ruwan da ke kan rufin ya yi yoyo, suka zama laka. Kwamfutar Yaya ita ma ta mutu a can, da duk abin da ke cikinta. Ba wanda ya tayar da hankali a lokacin, tunda akwatin yana aiki. Amma daga nan muryar Malam ba ta da wani mazauni a duniya sai wannan baƙin abu, wanda Inna ta raɗa wa suna akwatin Malam.

Ni a Alshajara nake aure, a kudancin Khartum, ina kuma aiki a wani shagon buga takardu a kasuwar Suk al-Arabi. A gidanmu wannan ya isa a ce na san kwamfuta. Don haka da zafi ya shigo sosai, akwatin ya fara tsiya, ni Inna ta kira.

"Malam yana yankewa," in ji ta.

"Yaya yake yankewa, Inna?"

"Yana cikin karatu sai ya yi shiru. A danna, a danna, ba komai. Sai can bayan magariba ya dawo, lokacin babanki ya riga ya haƙura."

Na ce mata zan zo ranar Juma'a. Dole ne a faɗa, domin Inna ba ta son a faɗo mata ba sanarwa. Ba wai tana ɓoye wani abu ba, tukunya ce ba ta son a same ta ba ta ƙara mata awo ba. Duk wanda zai zo gidan nan, ko ni da aka haifa a ciki, sai ya kira tukuna.

Na hau mota da safe na haye kubri, gadar da ke kan Farin Nilu, na isa kafin rana ta yi ƙarfi. Na tarar da akwatin a kan ƙaramin tebur a ɗakin Baba, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an goge shi tas, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Na miƙa hannu, Inna ta ce, "Kina da alwala?" Na yi dariya. Ba ta yi ba, sai na fita na yi alwalar na dawo. Na duba fitilar akwatin tana ci, ta rauta ma tana ci. Na danna tambarin wayar Baba, sai ga muryar Malam ta cika ɗakin, da zakaransa da komai. Na bar shi yana yi har muka ci abinci, har aka sauko daga masallaci, har la'asar, bai yi ko gyatsa ba.

"Ya ga likita ya warke," in ji Baba.

Washegari da azahar Inna ta sake kira.

Daga nan muka shiga wani zagaye da ya cinye mana yawancin bazarar. Ni in je, Yaya ya ba da umarni ta waya daga inda yake zaune cikin sanyin na'ura. Umarninsa na farko shi ne in kashe rauta in kunna, kamar ban taɓa jin wannan hikima ba. Na biyu ya ce kahraba ce, wato wutar lantarki, ɗaukewar da take yi ce ke rikita akwatin. Wannan ya yi kama da gaskiya, don wutar Omdurman tana da halinta. Na sa Inna ta riƙa lura, ta ce ranar da wuta ba ta ko ƙifta ba ma ya yanke. Na sayo sabon kebul a Suk al-Arabi na canja. Na sayo sabuwar caja. Yaya ya sa na shiga cikin saitin rauta daga wayata, na yi ta lalube cikin rubutun Turanci har na sami wurin da aka ce akwati ya yi barci idan an jima ba a taɓa shi ba, na kashe wannan. Ranar na koma gida ina taƙama, na gaya wa maigidana an gama. Kwana bai zagayo ba Inna ta kira.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk zuwan da na yi akwatin lafiyarsa lau. Yana zaune a kan farin ƙyallensa, sanyi ƙalau, fitila tana ci, yana karatu kamar ba shi ake ƙara ba. Har na fara zargin yatsun tsofaffin ne. Na zaunar da Inna na sake koya mata danna tambari, ta danna a gabana daidai, ta dube ni da idon da take duban mai tumatir idan ya faɗi farashin banza. Na tambaye ta ko wani yana taɓa akwatin, ko an canja masa wani abu.

"Tun ranar da yayanki ya tafi, yadda nake yi haka nake yi," ta ce.

Na ɗauki wannan a matsayin ba abin da ya canja, na kai wa Yaya haka. Shi kuma ya ce to sai dai rautar ce, ya fara maganar aiko da wata.

Baba bai taɓa yin ƙorafi ba, shi ne abin da ya fi damuna. Sai dai ya rame a fuska, ya rage hira. Wata rana muna zaune a rakuba, Inna tana kicin, na tambaye shi me yake yi idan karatun ya yanke. Ya ce ba a barin aya a rataye, sai ya ƙarasa ta a hankali, ya tsaya a nan ya jira. Sannan ya ƙara da cewa, "Ba jiran ne da wuya ba. Duk ya yanke, sai in ji kamar an sake shigowa an gaya mini ya rasu." Tsoro ya kama ni a ranar, don na gane cewa idan akwatin nan ya yi shirun da ba dawowa, ba ni da abin da zan ba Baba a madadinsa.

Abin da ya warware maganar rasuwa ce. Uwar wata abokiyar aikina ta rasu a wata unguwa kusa da gidan su Baba, muka je gaisuwa a tsakiyar mako. Da muka fito azahar ta wuce, rana tana dukan ƙeya, na ga ba zai yiwu in zo har nan in wuce ban leƙa gida ba. Wayata ta mutu tun a gidan makokin, ban kira kowa ba. Na tura ƙofa na shiga da sallama. Baba yana kan angareb, wayar tana kan ƙirjinsa shiru, leɓɓansa ma shiru. Inna ta shiga maƙwabta.

Na wuce ɗakin kai tsaye. Tebur yana nan, rauta tana nan da ƙahonninta biyu, amma ba akwati, ba farin ƙyalle. Na bi kebul da ido, na ga ya hau bango zuwa wata 'yar kanta da ke sama da teburin. A kan kantar akwai gafakar Malam, jakar fatar nan da yake ajiye Littafinsa na rubutun hannu. Littafin kansa ƙanen Baba ya tafi da shi can yankin Jazira tun bayan rasuwar, gafakar ce ta rage mana, na ɗauka tana ƙasan adaka. Ga ta nan a ɗaure da igiyarta, kebul biyu sun fito ta gefen murfin.

Na sauko da ita. Fatar kanta da ɗumi. Na kwance, na tarar da rawanin Malam an naɗe shi ninki a kan ninki, da kyau, irin naɗin wanda ya saba. A tsakiya akwatin yake, da zafi kamar burodin da aka ciro yanzu, sai da na canja hannu. Na kai kunne na ji yana wani ƙas-ƙas a ciki, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya. Na zare cajar daga bango.

A haka Inna ta shigo ta same ni.

"Ke kuma ba kya kira? Ban ɗora komai ba."

"Inna, mene ne wannan?"

"Gafaka ce. Ba ki san ta ba?"

"Na san ta. Me akwatin yake yi a ciki?"

Ta gyara mayafinta ta zauna a bakin gado, alamar za a yi magana ta hankali da marar hankali. "Yayanki ya ce izu sittin na ciki. Na sake tambayarsa, duka? Ya ce duka. To ina kika taɓa ganin an bar izu sittin tsirara a kan tebur, ƙura tana hawa, ƙuda yana sauka? Bai ma tsaya nan ba, ya ɗauki mai ƙahon nan ya ɗora a kai. A gidan nan aka haife shi, ya san ba a ɗora komai a kai. Ban ce masa uffan ba, baƙo ne, kwana nawa zai yi. Yana hawa jirgi na gyara."

"Amma duk zuwan da nake yi a kan tebur nake samun sa."

"Ai kin ce za ki zo gyara. Idan an kawo wa babanki riga, a ƙulle cikin jaka ake miƙa masa? Da asuba nake sauko da shi in buɗe miki, in goge, in yi masa turare. Kina tafiya in mayar."

Raina ya ɓaci, kuma na san halina, idan ya ɓaci bakina ba ya jiran izini. Na tuna motocin da na hau, da kebul, da caja, da daren da na yi wa maigidana taƙama. Amma na dubi naɗin rawanin nan, na ga ba na ranar ɗaya ba ne, wata da watanni ke nan tana yin sa, sai na haɗiye maganar. Na zauna kusa da ita na juya akwatin na nuna mata ƙananan ramukan da ke gefensa. Na ce mata a ciki akwai wani faifai da ke juyawa ba tsayawa, juyin yana kawo zafi, ta nan zafin ke fita. Lokacin sanyi ya jure, shi ya sa ba mu ga komai ba. Yanzu da gari ya ɗauka, yana kai azahar sai ya kasa, sai rana ta faɗi ya farfaɗo.

Ta shafa ramukan da ɗan yatsa.

"Wato ni ce nake shaƙe shi," ta ce.

Inna ta yi wa Malam hidima tun tana amarya har ya bar duniya. Ita ke dama masa kunu, ita ke wanke rawanin nan ta shanya inda ba a wucewa. Na ga idonta ya kawo ruwa. Sai muka ji muryar Baba daga bakin ƙofa, ashe ya laluɓo bango ya zo yana saurare.

"Duk zafin nan da rawani yake zaune?" Ya girgiza kai yana murmushi. "Ke da kanki kin sani, shi kansa Malam cire shi yake yi da azahar. Ya rataye a ƙusa ya zauna da 'yar hula."

Inna ta yi dariya ba ta shirya ba, ta goge ido da gefen mayafi. Ta ce masa shi da ba ya gani ya fi kowa baki.

Ban sake kunna akwatin ba, saboda ƙarar da na ji ba ta lafiya ba ce. Na ce zan kai shi wurin masu gyara a kwashe abin da ke ciki tun yana da sauran numfashi. Inna ta ce ba zai hau mota a leda ba. Tunda a kashe yake ban yi musu ba, aka mayar da shi cikin rawani da gafaka, na rungume shi a cinya har muka haye kubri. Wata tsohuwa a motar ta ga gafakar ta matsa mini wuri, ta tambaye ni ko mahaifina malami ne. Na ce mata kakana dai.

Mai gyaran yana wani lungu a Suk al-Arabi, ba nisa da shagonmu. Ya saurari ƙarar, ya ce zai gwada amma kada in sa rai da yawa, kuma abin ba ya son gaggawa. Ya ajiye shi a gaban fanka ya haɗa da wani sabon akwati da na saya, ya bar su suna ta yi. Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Kullum na tashi aiki sai na leƙa, ya nuna mini wani layi a fuskar kwamfuta da ke tafiya kamar ba ya so. Inna ba ta kira ni ko sau ɗaya ba, ni ma na kasa kiranta. A ƙarshe ya ce an gama, kusan komai ya fito. Wurare kaɗan muryar tana ɗan tsalle. Izu ɗaya ne, can wajen tsakiya, ya ƙi buɗuwa sam, ya gwada ta kowace hanya.

A wannan karon na yi kwafi na ajiye a gidana, na tura wa Yaya wani ta intanet, sannan na kai sabon akwatin Omdurman. Na tarar Inna ta riga ta yi nata shirin. Ta fito da ɗan katakon nan mai harɗe da ake ɗora Littafi a kai lokacin karatu, ta kafa shi a kan kanta, iska tana shiga ta ƙasa. Ta sayo sabon tabag, murfin kaba mai tsini da ake rufe tiren abinci da shi, ta zaɓi mai sakakkiyar saƙa wanda bai taɓa hawa kan abinci ba. Ta ɗaga shi a rana ta nuna mini yadda haske ke ratsa shi, ta ce, "Wannan zai yi numfashi?" Na ce zai yi. Aka ɗora akwati a kan katako, aka kifa tabag, rauta tana can ƙasa inda ya dace da ita.

Sannan na gaya wa Baba maganar izun. Ya tambayi wanne, na faɗa masa daga inda ya fara zuwa inda ya ƙare. Ya gyaɗa kai ya ce, "A wannan ne ya yi atishawa har ya yi wa kansa dariya." Inna ta tashi ta shiga kicin, ba don akwai wani aiki a can ba.

Yaya ya ce abu mai sauƙi ne, a ɗauko wannan izun daga wani makaranci a cike gurbin. Baba ya ce ba a yi wa farar riga faci da shuɗi. Ni kuma na ce to shi ya karanta mana mu ɗauka. Ya ba ni amsar da na sani, cewa shi tela ne. Aka bar maganar. Karatu ya koma yadda yake, azahar bayan azahar ba yankewa, Baba ya fara mayar da jiki. Amma kowa a gidan ya san ana matsowa wurin da ramin yake.

Ranar da aka kai can Juma'a ce, ina gidan. Izun da ke gabansa ya ƙare, aka ji ƙarar maɓallin tsohuwar rikoda, sai shiru. Baba yana kwance, wayar tana kan ƙirjinsa. Inna ta fito daga kicin hannunta da danshi ta tsaya a kansa.

"Alhaji, duk bazarar nan idan ya yanke kai kake ƙarasa masa ayar. Ina jin ka daga can. Ban ji ka ce kai tela ba ne a lokacin."

"Aya ɗaya ce ai."

"Wannan ma ƙarasawa ce. Ni na yanke masa, kai ka ƙarasa. Kada ka bar ni da wannan nauyi."

Ban taɓa jin Inna ta roƙi Baba wani abu a gabanmu ba. Sai ya tashi zaune ya ce a kawo masa buta. Ya yi alwala, ya sauka daga angareb ya zauna a tabarma, a daidai kusurwar rakubar da Malam ke zama. Na ajiye wayata a gabansa a kan kofin shayi da na kifa, na danna ɗauka. Da farko muryar tana karkarwa, na ɗauka zai tsaya. Can sai ta zauna. Ya tafi har ƙarshen izun bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba, da ya kai ya shafa fuska ya ce in kashe abin nan, ƙishi yake ji.

Na sa izun a gurbinsa, na tura wa Yaya ban yi masa bayani ba. Da yamma ya kira da murna yana cewa ashe mai gyaran ya samo wanda ya ɓata. Na ce ya sake saurara. Ya sake, ya ce ai Malam ne, har yadda yake jan numfashi kafin doguwar aya. Sai da na gaya masa cewa Baba ne sannan ya gane.

Baba ya rasu bayan wannan da 'yan shekaru, kafin yaƙi ya lalata abubuwa a Khartum kowa ya kama gabansa. Inna tana wurina yanzu, akwatin ma yana nan, da katakonsa da tabag ɗinsa. Bayan azahar takan sa a kunna mata, tana tsince shinkafa ko tana gyaran kuɓewa Malam yana karatu, wani lokaci ta ji dakanta na ƙuruciya a baya ta ce ji yadda yarinyar nan take ɓata wa mutane karatu. Amma idan aka zo wannan izun na tsakiya, sai ta ture tiren gefe, ta wanke hannu, ta ja mayafi ta rufe kai, ba ta amsa kowa har ya ƙare. Ita ba ta taɓa rikita muryoyin biyu ba. Na taɓa tambayarta, ta ce sauran duk na surukinta ne, wannan ɗaya nata ne.